Mangwaron Inna da Ma'aunin Baba

Babanmu ƙato ne. Idan ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu, Inna ta ce masa, "Malam, ko ka shigo ko ka fita, kafar allura nake nema." Amma duk girman nan nasa, akwai wuri ɗaya da ban taɓa ganin ya je a miƙe ba. A tsakiyar filin tashar auna yanayi inda muka tashi akwai wani farin turken ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, a kansa an ɗaura na'urar auna hasken rana. 'Yar aba ce, faɗinta bai fi faranti ba, da ƙoƙon gilashi a kife a kanta kamar rabin ƙwai. Idan Baba zai je wurinta sai ya fara ɗaga kai ya ga inda rana take, ya zagaya yadda na'urar za ta kasance tsakaninsa da ranar, sannan ya duƙa ya ƙarasa a sunkuye. Duk wannan don kada inuwarsa ta faɗa a kan gilashin.

'Yan unguwa Mai Rana suke ce masa. In gari ya ɗauki zafi sai ka ji mai shagon bakin titi ya ɗaga murya, "Mai Rana, yau kam ka ƙure mana ita, a ɗan rage mana!" Baba ya ce, "Ni ba na ƙarawa, ba na ragewa. Abin da ta ba ni shi nake faɗa." Kuma haka halinsa yake, a wurin aiki da cikin gida. In ka tambaye shi ko sabuwar rigarka ta yi kyau, to ka shirya jin gaskiya.

Kullum da sassafe, kafin rana ta leƙo, yana wurin turken nan da wani lallausan ƙyalle da 'yar kwalbar ruwa mai tsabta. Ya goge raɓa, ya goge datti, ya goge abin da tsuntsaye suka bari, don su a ganinsu dominsu aka kafa turken. Sannan ya duba ɗan kumfan da ke gefen na'urar, irin na ma'aunin magina, ya tabbata yana tsakiya, saboda in ta karkace ko kaɗan za ta fifita ranar safe a kan ta yamma. Ƙyallen nan ba mai taɓa shi. Yayana ya taɓa goge takalmin makaranta da shi, har yau in aka tuna masa sai ya shafa kunnensa.

Gidanmu a cikin harabar tashar yake, can gefen yamma, ɗaki biyu da falo da kicin, rufin kwano. Mun tashi da dokokin da sauran yara ba su sani ba. Ba a buga ƙwallo a filin, ba a shanya kusa da turke, ba a gilmawa ta gabansa da gudu. Inna 'yar lele take kiran na'urar. Takan ce, "Waɗannan da na haifa maka sai in yi ta roƙo ka share musu hanci kana cewa kana sauri, amma 'yar lele kullum sai an wanke mata fuska." Baba ya ce ai ita ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba. An so a mayar da shi babban ofis har sau biyu, da ƙarin girma, ya ƙi. Ya ce ya leƙa ofishin, rana ba ta shiga.

Ina makarantar firamare aka fara maganar tauraron ɗan'adam a gidanmu. Baba ya zaunar da mu ya yi mana bayani da murfin tukunya da tocila. Tauraron yana can sama yana kallon duniya, yana ganin gajimare da inda babu gajimare, daga nan sai a yi lissafi a ce hasken rana kaza ne ya sauka a wuri kaza. Amfaninsa shi ne yana ganin ko'ina, har inda ba a taɓa kafa turke ba. Aibinsa shi ne ba aunawa yake yi ba, ƙiyasi yake yi. Don haka dole a riƙa ɗauko ƙiyasinsa ana gwadawa da abin da na'urorin ƙasa suka auna, a ga ko ya yi daidai. Ba kowace tasha ake yarda da ita a wannan gwajin ba, sai wadda aka tabbata ana kula da ita, ta kuma daɗe a wuri ɗaya ba a motsa ta ba. Tashar Baba tana cikin 'yan kaɗan ɗin nan, kuma ba ya ɓoye jin daɗinsa.

"Tauraro ɗalibi ne," in ji shi. "Mu ne masu duba masa jarrabawa."

Ya faɗa wa mai shago, ya faɗa wa mai aski, ya faɗa wa duk baƙon da ya yi kuskuren tambayarsa mene ne aikinsa. Ni kuwa maganar ta shiga raina tun daga ranar. Na yi karatu a wannan fannin, na sami aiki a babban birni, a sashen da ke ɗora ƙiyasin tauraro a kan awon ƙasa. Baba ya ce, "Shi ke nan, Auta ta hau sama ta bar ubanta a ƙasa. Na haifi 'ya ta koma cikin 'yan ƙiyasi." Amma mai shago ya gaya mini cewa sati guda Baba ya yi yana ba da labarin, har mutane suka fara sauya hanya.

Yanzu sai in kawo maganar bishiyar. Lokacin da iyayenmu suka tare a gidan, Yaya yana goye, ni ba a ma san da ni ba, harabar nan fayau take. Doka ce: kada a bar wani abu mai tsawo da zai tare wa na'urar rana, daga fitowarta har faɗuwarta. Da rana kwanon ɗakin yakan yi zafi har ya riƙa ƙara. Inna mai ɗinki ce, ta ce a bar ta ta dasa bishiya ɗaya tak, inda za ta riƙa fitar da kekenta. Baba ya ce ba zai yiwu ba. Ba ta yi faɗa ba. Kullum dai in ya dawo cin abincin rana sai ya tarar da ita tana ɗinki a ɗaki, gumi yana ɗiga a kan yadin mutane, ta ɗago ta yi masa sannu da zuwa da fara'a. Fara'ar nan ce ta kayar da shi.

Ya ɗauki takarda da fensir ya zauna. Ya duba yawan ruwan saman da ke sauka a wurin, wanda shi da kansa yake aunawa. Ya duba ƙasar, ya ga tsakuwa ce zalla. Ya auna nisan da ke tsakanin turke da kusurwar katangar yamma, bayan kicin. Lissafi ya nuna masa cewa mangwaro a irin wannan ƙasa, da irin wannan ruwa, ba zai taɓa yin tsawon da inuwarsa za ta kai turken ba. Ya soka tsinke a wurin ya ce a nan za a dasa. Sannan ya yi mata alkawari: "Muddin ina wurin nan, ba wanda zai taɓa miki ko ganye ɗaya." Wanda ya san Baba ya san in ya faɗi magana ta zauna.

Bishiyar ta kama, ta girma, ta zama ainihin falon gidanmu. A gindinta keken ɗinkin Inna yake wuni, a nan masu kawo ɗinki suke zama su gwada kaya su yi gulmar gari, a nan muka yi aikin makaranta, a nan muka ci mangwaro ɗanye muka yi ciwon ciki. Kuma a nan ne kaɗai Baba yake zama ya huta. Da la'asar, in ya gama zagayensa, Inna ta kawo shayi, ya jawo kujerarsa ta katako su zauna su biyu har rana ta faɗi. Daga baya da aka yi wa Inna aikin ido, likita ya ce ta guji hasken rana mai ƙarfi, sai zamanta ya koma can gaba ɗaya. Ɗaki ya yi mata zafi, fili ya yi mata haske, gindin mangwaro ne kawai ya dace da ita.

A ofishinmu aikin a kan allon kwamfuta yake. Kowace tasha tana da layi biyu, shuɗi na tauraro, ja na ƙasa, suna hawa da safe, su kai ƙololuwa da tsakar rana, su gangaro da yamma. A tashoshi da yawa layukan kan yi ta saɓani, sai ka bincika ka tarar an yi wata guda ba a goge gilashi ba. A tashar Baba kuwa tare suke tafiya kamar 'yan biyu. In sababbin ma'aikata suka zo, ita nake buɗe musu in ce su ga yadda aiki yake, ba na ko faɗar cewa ubana ne, sai dai in ji kaina yana ƙara girma.

Wata rana shugabar sashenmu ta kira ni teburinta. Mace ce mai kaifin ido, ba ta wasa da aiki. Ta ce in duba awannin yamma a tashar nan, ba jimillar yini ba, awa bayan awa, a ranakun da sama take tas. Na duba. A wasu watanni na shekara, da la'asar sakaliya, sai jan layin ya faɗo ƙasa kwatsam, shuɗin kuwa yana gangarowa a hankali abinsa.

"Tashar nan ba ta ƙarya," in ji ta. "Ina jin tauraron ne yake zuzuta hasken yamma a yankin. Wataƙila hayaƙin gari ne da ba ya gani. In haka ne sai mu gyara ƙiyasin, mu rage shi."

Na san abin da hakan ke nufi. Masu kafa allunan sola da ƙiyasinmu suke aiki. In muka rage, za a gaya wa yanki guda cewa ranarsu ta yamma ba ta kai yadda take ba, kuma da sunan Baba za a yi musu wannan ragin. Na ce ta ba ni lokaci. Na jera shekarun baya ɗaya bayan ɗaya. Da can babu faɗuwar ko kaɗan. Sai ta fara, 'yar ƙarama, dab da faɗuwar rana. Kowace shekara tana ƙara zurfi, tana kuma ƙara zuwa da wuri, a watanni iri ɗaya. Gajimare ba ya riƙe alkawarin lokaci haka, hayaƙi ma ba ya yi. Abu ne da ke tsaye wuri ɗaya yana ƙara tsawo. Na san shi, na ci 'ya'yansa.

Na gaya wa shugaba gaskiya. Ta ce na san doka: ko a kawar da abin da ke tarewa, ko a cire tashar daga jerin masu duba tauraro. Matsar da turken ba mafita ba ce, don an riga an yi gine-gine a gabas da kudancin harabar, kuma tashar da aka matsar sabuwar tasha ce, tsohon awonta ya yanke ke nan. Aikin da Baba ya yi tun kafin a haife ni, a nan zai tsaya.

Na buga masa waya na fara da cewa akwai saɓani a awon yamma. Dariya ya yi har da tari. "Auta, ɗalibinku ya faɗi jarrabawa, shi ne kika kira ki roƙa masa maki?" Na kasa ƙarasawa. Na ce ina nan tafe ƙarshen mako.

Na iso da hantsi, na ci abinci, na sha tsokana, na jira. Da la'asar Inna ta kawo shayi gindin bishiya, Baba ya jawo kujerarsa. Na ce, "Baba, zo mu je wurin turke."

"Yanzu? Na duba ta da safe, na duba da azahar. Shayi zai huce."

"Don Allah, Baba."

Ya kalle ni, ya ajiye kofin. Muka zagaya ta gabas, muka duƙa mu biyu muka ƙarasa, muka tsuguna a bayan turken. A lokacin ne na gane abin da ya sa mutumin da ba ya barin tabon raɓa a gilashi bai taɓa ganin wannan ba. Lokacin da inuwar ke zuwa shi ne daidai lokacin da yake zaune a ƙarƙashin mai inuwar, bayansa a jingine da gindinta, kuma daga can ganye kawai ake gani, ba a ganin inda kanta ya kai. A jimillar yini da yake dubawa ragin bai taka kara ya karya ba.

Ba mu daɗe ba inuwar ta taho. Ta rarrafo ta kan tsakuwa, ta kama gindin turken, ta hau a hankali, sai ga hoton ganye yana rawa a kan gilashin. Baba ya ɗaga kai ya dubi bishiyar daga nan inda muke, kamar yau aka kawo ta. Ya miƙa hannu gaba ya dunƙule, ya ɗora dunƙule a kan dunƙule yana auna tsawonta daga layin katanga, yadda ya koya mana muna yara. Ya sake aunawa. Sannan ya sauke hannun.

"Tun yaushe?"

"Ya kai shekara huɗu, Baba. Da kaɗan-kaɗan ta fara."

Na ji tausayinsa har na ƙi kallon fuskarsa. Can sai na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. "To. Ɗalibi ya kama malami." Ya juyo gare ni. "Ki rubuta abin da kika gani. Duk awannin da inuwar nan ta taɓa ki sa musu alama, a daina aiki da su. Kar ki bar ko ɗaya don ni ne ubanki."

"Zan yi. Sai kuma a sare ta, tashar ta ci gaba."

"Ba za a sare ta ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce masa in ba a sare ba za a cire tashar. Ya ce ya sani, ya fi ni sanin dokar. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya ɓoyewa, a wurinsa na gado. Na ce shekara da shekaru yana fita da zazzaɓi, yana fita da ciwon baya, ya hana mu ƙwallo, ya ƙi ƙarin girma, yanzu kuma zai zubar da komai saboda bishiya?

"Ba saboda bishiya ba ne," in ji shi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ni na yi lissafin, ni na soka tsinken, ni na yi alkawarin. Uwarki ba ta yi laifin komai ba. Don me za a karɓe inuwarta a biya kuskurena?"

Ya miƙe, ya koma da baya a sunkuye kamar kullum, duk da cewa inuwar ta riga ta rufe gilashin. Bai tsaya neman dabarar faɗin maganar ba. Yana isa gindin bishiyar ya zauna ya kwashe komai ya gaya wa Inna, har da hukuncin da ya yanke. Inna ta tsayar da keken tana sauraro. Da ya gama sai ya koma magana shi kaɗai, yana girgiza kai.

"Abin da ban gane ba shi ne inda lissafin ya kuskure. Ruwan nan ni na auna shi, bai ƙaru ba. Ƙasar nan tsakuwa ce. Bai kamata ta kai haka ba."

Inna ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, wane ruwa ka ƙirga?"

"Ruwan sama mana."

"Shi kaɗai?"

"Akwai wani ne?"

Sai Inna ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tana share ido da gefen mayafi. "Ruwan wanke-wanke fa? Ruwan wankin yaran nan, da na wankanka kai da sai ka ƙarar da bokiti biyu? Duk shekarun nan ina kake tsammani nake zubar da shi? Safe da yamma, rani da damina, a gindinta yake ƙarewa. Har tokar murhu da ɓawon kayan miya nan nake binne su."

Baba ya ce, "Ba ki gaya mini ba."

"Ka tambaye ni? Da kwalbarka ta awon ruwa ka yi shawara, ni ba ka zo wurina ba."

Ni ma na yi dariya, hawaye na zubo mini. Baba ya ce ko ma dai yaya ne, magana tana nan yadda ya faɗa. Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rassan, sannan ta ce shayin ya huce, bari ta ɗumama.

Washegari da Baba ya dawo daga goge 'yar lele sai ya tarar da wani mutum a bakin ƙofar harabar da zarto da igiya a kafaɗa. Inna ce ta aika a kira shi ta hannun wata mai kawo mata ɗinki. Baba ya ce masa ya yi haƙuri ya koma, kuskure aka yi.

"Ba kuskure," in ji Inna daga bakin kicin. "Shigo, bawan Allah."

"Na yi miki alkawari."

"Ni ka yi wa, ni kuma na yafe." Ta matso kusa ta rage murya, amma ina jin ta. "Tun ina da ƙuruciyata nake kallonka kana rarrafe a gaban 'yar lelen nan. Na jira ka da abinci ya huce, na jira ka da yaro ba lafiya. In aka ce aikin nan ya yanke a banza, jiran da na yi ma ya tashi a banza. Kuma na san ka. Za ka zauna a nan kullum kana shan shayi, idonka na kan turken can. Ni ba zan iya zama da mutum rabinsa a wani wuri ba."

Baba ya dube ta ya daɗe. Ban taɓa ganin an kayar da shi a magana irin na ranar ba. Daga nan ya kama keken ɗinkin shi kaɗai ya kai mata ɗaki, ya fito ya wuce wurin turke. Ya tsuguna, ya sa ido daidai da gilashin, ya ce wa mai zarto ya hau.

Mutumin ya kai wani babban reshe ya nuna. Baba ya ce, "Ƙasa." Ya sauko kaɗan. "Ƙara ƙasa." Mai zarto ya ce, "Maigida, in na yanka a nan ba abin da zai rage fa." Ni da na zo da maganar saran, ni ce na koma roƙo. Na ce a bar reshen nan na kudu, da kyar in zai taɓa awon. Baba bai ko kalle ni ba. "Da kyar ba awo ba ne, Auta. Ƙara ƙasa." Bai yi wa kansa rangwamen ko taƙi ɗaya ba. A cikin ɗaki Inna ta rufe ƙofa tana taka keke da ƙarfi, ba tsayawa, na tabbata ba wani ɗinki take yi ba. Da rassan suka fara faɗowa na shige kicin na yi kukana.

Abin da ya rage gindi ne da bai fi tsayin Baba ba, da guntayen rassa biyu. Mai zarto ya ce za ta yi toho, Baba ya ce ta yi, amma kowace shekara za a mayar da ita nan. Kafin azahar ya kafa wa Inna 'yar rumfa gajera a wurin, bayan ya auna tsayinta daga turke har sau biyu. Ya fito da keken ya ajiye. Da tsakar rana rumfar ta yi aikinta.

Da la'asar kuwa sai rana ta sauko ta shigo ta gefe, ta ƙarƙashin rumfar, ta daki Inna a fuska. Ta runtse ido, ta ja mayafi ta kare, ta ci gaba da zuba shayi. Baba ya ɗaga kai ya ga inda ranar take. Ya ɗauki kujerarsa ya zagaya ta yamma, ya ajiye, ya ɗan gyara ta, ya zauna a miƙe, bayansa ga rana. Inuwarsa ta rufe Inna tun daga kai har keken ɗinkin. Bayan ɗan lokaci ya sake duban sama ya ja kujerar kaɗan. Haka ya yi ta yi har rana ta faɗi, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, yana kurɓar shayinsa yana ba mu labarin mai shago.

Na koma aiki na rubuta rahotona, na sa alama a kan awannin da ya ce, ban bar ko ɗaya ba. Ba a rage ƙiyasin tauraro ba, tashar kuma ta tsaya a jerin. Da aka samu ranakun da sama take tas, na buɗe allon na ga layukan biyu sun gangaro tare har ƙasa. Na kira shi da la'asar, don na san inda zan same shi.

"Ya ɗalibin?" in ji shi.

"Ya ci, Baba. Kai ma ka ci."

"To ki gaishe shi. Ki ce ya ci gaba da ƙoƙari, ina nan ina dubawa."

Na ce ya ba ni Inna. Na gaya mata zan aiko da labule mai kauri a rataya a gefen yamma na rumfar, Baba ya huta da gasa bayansa.

"Kul," in ji ta. "Kar ki kuskura. Tun kafin a haife ki nake neman mutumin nan ya zauna ya fuskance ni, sai yanzu na samu za ki aiko mini da labule?"

Sai na ji ta kawar da wayar daga bakinta. "Malam, rana ta fara taɓa mini kunne. Matsa hagu kaɗan."

Na ji ƙarar kujera a kan tsakuwa.